Daga Randa Zuwa Duro: A Me Ake Dama Abin da Muke Sha?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kawo da rana tsaka a watan Afrilu, ko ya ratsa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana dab da shan ruwa a watan azumi, ya san yadda ƙishirwa ke rufe wa mutum ido. Yarinya za ta buɗe kula, ga gorunan kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya a jere cikin ƙanƙara. Sai ka miƙa kuɗi, ka murɗe murfi, ka kafa kai. Tambayarmu ba ta wuce biyu: da sanyi, kuma nawa ne? Na yi shekara da shekaru a Doka, nan cikin Kaduna, ban taɓa jin wanda ya tambayi a me aka dama kunun ba, ko daga ina gorar ta fito.

Wannan tambaya ta uku ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. A cikin shekaru kamar arba'in, kayan aikin masu haɗa abin sha a gida sun canja kakaf a garin nan, tun daga tukunya har zuwa mazubin da ake miƙa wa mai saye. Canjin ya shigo ba sallama, babu wanda ya zauna ya auna shi, kuma cikinmu da na 'ya'yanmu ne ke karɓar sakamakonsa.

Na tashi na tarar da kakata tana dama kunun zaƙi na sayarwa. Kayan aikinta ana iya ƙirga su da yatsu: tukunyar ƙasa ta dafa ruwa, randa ta zuba kunu, dutsen niƙa, rariya, ƙwarya da ludayin duma. Takan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa. Idan ya sha iska sai ta zuba ɗanyen kashin tare da tsiro ko garin busasshen dankali, ta rufe, ya kwana. Da asuba kunun da aka bari da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi ba tare da an jefa masa ko ƙwayar sukari ba. Sai da na girma na gane abin da ke faruwa a cikin randar. Hatsin da ya fara tsirowa yana fitar da wani sinadari mai narkar da sitaci ya mai da shi sukari, kuma daga nan kunun ya samo sunansa. Kakata ba ta san sunan sinadarin ba, amma ta san aikinsa, ta san zafin da ke kashe shi, ta kuma san sa'ar da kunu ke tashi daga zaƙi ya koma tsami.

Ka leƙa bayan gidan mai kunu a yau, a Unguwar Shanu ko Kabala ko Unguwar Dosa, abin da za ka gani daban ne. Injin markaɗe na bakin layi ya karɓi aikin dutse. Tukunyar ƙasa ta ba wa tukunyar dalma wuri, ko rabin duron ƙarfe da aka yanka. Bokitin fenti da shuɗin duron roba sun gaji randa. Ƙwarya ta tafi, gorar lemo da wani ya sha ya yar ta zo. Tsiro mai cin kwana uku ko huɗu ana yayyafi ana juyawa ya zama ɓata lokaci, tunda ga sukari, in sukari ya yi tsada ga sakarin, ga kala da filebo da ɗan tsami a ƙulle cikin leda babu suna babu kwanan wata.

Ba na ganin laifin matan nan don sun bar randa. Randa tana da nauyi, tana fashewa, ba ta hawa bayan babur. Mai sayar da jarka biyar a yini ba za ta iya durƙusawa gaban dutsen niƙa ba. Itace ya yi tsada, ƙarfe kuwa ya fi ƙasa saurin ɗaukar zafi. Masu ginin tukwane ma sun ragu. Ƙasar da Kaduna take zaune a kai ƙasar Gbagyi ce, mutanen da suka shahara da ginin tukunya har hoton 'yarsu Ladi Kwali ya hau takardar naira 20, amma yau sai ka sha yawo kafin ka sami babbar randa mai kyau a cikin gari. Roba sabuwa da aka yi domin abinci ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙar shi ne galibin abin da ya maye gurbin randa kwance ne. Wani abu ya fara zama a cikinsa, kuma mai kunu ba ta san ko mene ne ba.

A nan ne nake so mu haye gada. Tun rikicin Fabrairun 2000 Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, mu a arewa, maƙwabtanmu a kudu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Can a ƙetare, a unguwanni irin su Television da Sabon Tasha da ƙauyukan da ke bayansu, akwai mata masu dafa burkutu, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Ni Musulmi ne, giya haramun ce a wurina, ba na sha, ba na kiran kowa ya sha. Amma tsarin shari'ar da gwamnatin Ahmed Makarfi ta kawo a 2001 bai hau kan wanda ba Musulmi ba, kuma kau da kai ba ya kashe wutar murhu. Ana dafa burkutu a jihar nan kowane mako, ana sha, kuma masu shan 'yan Adam ne da muke haɗuwa da su a layin asibiti ɗaya.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne mai kunu da mai burkutu daga tushe ɗaya suke farawa. Dawa ce, jiƙo ne, tsiro ne, niƙa ne, dafuwa ce. Mai kunu tana tsayawa da zarar zaƙi ya fito. Mai burkutu tana barin nata ya yi tsami, ta sake dafawa, ta bar shi ya kwana biyu har ya tashi. Hukuncin abin da ke cikin tukwanen biyu ya bambanta a addini kamar nisan sama da ƙasa. Tukwanen kansu kuwa daga kasuwa ɗaya ake sayo su. Ita ma mai burkutu ta bar manyan tukwanen ƙasa ta koma duron ƙarfe, ta bar ƙwarya ta koma roba. Dillalin tsofaffin durorin da ke sayar mata shi ne ke sayar wa mai zoɓon layinmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Illar duron ƙarfe ba zato ba ce, likitoci sun daɗe da saninta. Tun 1929 aka fara rubuta rahoton wata cuta a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, inda aka riƙa tarar da ƙarfe ya taru fiye da kima a hantar baƙaƙen fata da suka mutu. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa babban sanadin shi ne giyar gargajiya ta dawa da masara da ake dafawa a durorin ƙarfe. Abu mai tsami yana cin ƙarfe, ya narkar da shi a hankali, mai sha ya haɗiye. Burkutu mai tsami ne. Zoɓo ma tsami gare shi, haka lemon tsamiya, haka kunun da ya kwana. Tsami ba ya tambayar addinin mai tukunya kafin ya ci ƙarfenta.

Sai tukunyar da muke kira ta dalma. Asalinta alminiyom ne da maƙera ke narkarwa daga tarkace: gwangwanaye, sassan injin mota, tsofaffin kayan lantarki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru ya nuna cewa da yawansu suna sakin ainihin dalma mai guba idan aka dafa abu mai tsami a ciki. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana bayanin gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinariya. Wadda ke fita daga tukunya ba ta kai wannan yawa ba, ba ta kisa nan take, sai dai tana taruwa a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa. Yaron da ke shan zoɓo kullum a ƙofar makaranta ba zai yi amai mu gane ba. Karatu ne zai riƙa yi masa nauyi, mu kuma mu ce ba ya mai da hankali.

Shuɗin duron roba da bokitin fenti su ma da nasu. Wani duron man girki ya ɗauko ko sinadarin lemo, wannan da sauƙi. Wani kuwa maganin ƙwari ne ya zauna a ciki, ko sinadarin rini, ko na jima. Roba tana shan abin da aka zuba mata, kuma omo da soso ba sa fitar da shi duka. Gorunan da ake ɗurawa kuma yara ne ke tsinto su daga wuraren biki, da bola, da kwata, da harabar asibitoci, su sayar a buhu. Mai tsafta takan wanke su sau biyu ko uku. Mai gaggawa takan ɗauraye gora ɗari a ruwan baho ɗaya.

Mun riga mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A watan Maris na 2021 aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗanɗano. Hukumar NAFDAC ta bayyana cewa an sayar da wani sinadarin masana'antu mai guba a matsayin ɗan tsami. Matar da ta saya ba mugunta ta yi ba, farin gari ta gani a leda irin wanda ta saba saye. A shekarar dai kwalara ta kama mutane sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, akasarinsu a Arewa. A watan Yunin 2024 kuma, da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun danganta wani ɓangare na ɓarkewar da kunun aya marar rajista da aka sayar a yankin Eti-Osa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini. Za su ce iyayenmu sun sha, ba su mutu ba. Iyayenmu a randa suka sha, da ludayin da aka wanke a gida, kunun da aka dama jiya aka shanye yau. Wasu kuma za su ce maganar burkutu ba ta kamaci Musulmi ba, duk abin da ya sami mashayi shi ya jawo wa kansa. Wannan magana ba ta kwanta mini ba. Haramcin giya hujja ce ta in guje ta, in kuma yi wa ɗan'uwana nasiha. Bai zama hujjar in yi murna da ciwon hantar maƙwabcina ba, ko in hana hukuma duba tukunyarsa. Kuma wanda ya ƙi a yi maganar duron mai burkutu, ya sani duron mai zoɓonsa ya kare.

Addininmu ma ya riga mu kula da mazubi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce wurin da Risalar Ibn Abi Zaid ta ambaci hanin jiƙa abin sha a cikin duma da kuma tulun da aka shafe cikinsa da kwalta. Malamai sun bayyana dalilin: irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyewar jiƙon dabino ko zabibi ya zama mai sa maye, mai shi bai ankara ba. Ya kuma zo a Sahihu Muslim cewa jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Darasi biyu ke nan tun ƙarni goma sha huɗu da suka shige: mazubi yana canja abin da ke cikinsa, kuma abin sha yana da wa'adi. A zafin Kaduna, kunun da aka toshe a gorar roba babu wutar firiji ba ya kai kwana uku. Wanda ya taɓa buɗe gora ta yi tsartuwa ta fesa masa kumfa ya ga alamar cewa kunun ya fara tafiya inda ba a aike shi ba.

A wasu ƙasashen an daɗe da mai da kayan haɗa abin sha a gida sana'a mai ƙa'ida. Ingila ta soke sharaɗin lasisi ga mai haɗa giyar da zai sha a gidansa a 1963, Amurka ta bi sahu da dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978. Daga nan kamfanoni suka shiga sayar da kayan a kwali guda: gwangwanin ruwan tsiro, ƙullin yis, bokitin robar abinci mai murfi, ma'aunin zafi, da maganin wanke mazubi. Idan kamfani ya canja wani abu a cikin kwalin, ko girman gwangwani ko irin yis, sai ya rubuta a jiki, masu saye su yi ta muhawara a kai. Abin da suke haɗawa bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da zai haɗa lita ashirin don kansa ya san sunan duk abin da ya shiga bokitinsa, mu kuwa matar da ke shayar da mutum ɗari biyu a yini ba ta da inda za ta je ta sayi kayan aikin da aka yi domin sana'arta.

Abin takaicin shi ne ilimin yana nan a hannunmu. A Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin giya da na lemon malt, har da wanda aka kafa a Kakuri a 1963, suka rasa abin dafawa, sai suka waiwayi dawa. Masana suka duƙufa, aka gwada irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, irin su gajeriyar kaura mai lamba SK5912, aka gano yadda za a yi tsironta a manyan injuna. Yau lemon malt da ake rabawa a bukukuwanmu da walimominmu yana ɗauke da dawar manoman Arewa. Wato sana'ar tsiro da kakanninmu mata suka riƙe shekaru aru-aru ita ce ta ceci masana'antu a ranar da suka shiga uku. Masana'antu sun sami bincike da tankunan ƙarfen da ba ya tsatsa. Matan da suka gaji sana'ar sun sami tsohon duron maganin ƙwari. Wannan rabo bai yi adalci ba.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinmu ba, domin duk abin da ake buƙata yana cikin garin nan. Muna da Panteka, inda maƙera ke ƙera kusan duk abin da aka nuna musu. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtaka da su, da sashen nazarin abinci. A haɗa su biyun su fito da kayan mai kunu a dunƙule: tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, bokitin robar abinci mai murfi da famfo, matata, buroshin wanke gora, da sababbin goruna a farashin sari. A sayar wa mata ta hanyar adashi ko ƙungiyoyinsu, su biya kaɗan-kaɗan. Irin kayan nan dai, a girman da ya dace, su isa ga matan ƙetaren kogi. Maƙeran tukunyar dalma kuma a koya musu irin tarkacen da ba a jefawa a narki, musamman duk abin da ya fito daga batir ko yake da liƙin dalma.

Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, wadda hedikwatarta ke nan Doka, ta farfaɗo da aikin duba-gari. Dattawanmu suna tuna lokacin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa. A dawo da shi a matsayin malami mai koyarwa, kada ya zama mai karɓar na goro ko mai kifar da jarin marainiya. A yi wa masu sana'ar rajista kyauta a ofishin mai unguwa, a koya musu wanke mazubi da tsawon kwanan kowane abin sha, a ba wadda ta cika ƙa'ida shaidar da za ta liƙa a kularta. NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993, ba za ta iya shiga kowane tsakar gida ba, amma za ta iya tsayawa a inda kayan ke fitowa: dillalan tsofaffin durori da masu ƙulla farin gari a leda babu suna. Duron da ya ɗauki guba a huda shi ko a yi masa jan fenti kafin ya bar masana'anta. Limamai da fastoci kuma su ba wannan magana minti biyar a mumbari, tunda kowane ɓangare yana koyar da cewa cutar da mutum ta hanyar abin da ka sayar masa zunubi ne.

Na taɓa yi wa wata dattijuwa mai zoɓo a layinmu wannan magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ma jikokina daga bokitin nan suke sha. In akwai wanda ya fi shi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfina ba, kawo mini gobe." Ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar, domin babu shagon da zan nuna mata. Matan nan ba abokan gaba ba ne. Da kunu da zoɓo suke biyan kuɗin makaranta, suke riƙe marayu, suke aurar da 'ya'ya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saura mu masu saye. Muddin sanyi da araha kaɗai muke tambaya, su kaɗai za a sayar mana. Mai karatu, gobe in ka tsaya gaban kula, ka ƙara tambaya ta uku cikin ladabi: Inna, a me aka dama, kuma gorar sabuwa ce? In ka sami mai tsafta, ka riƙe ta, ka biya ƙarin naira hamsin ɗin ba tare da ciniki ba, ka kuma nuna wa maƙwabcinka ita. In da hali ka tafi da gorarka daga gida. Rigakafi ya fi magani, kuma lafiyar garin nan, arewa da kogi da kudu da shi, a mazubi ɗaya take. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata.